Mutuwar Ubah a Shafi na Huɗu

Ranar Talata da hantsi, a shagon cike takardu na Jama, Ubah ta sami labarin mutuwarta.

Ba ta fito gida da shirin jin mugun abu ba. Ta bar wa abokiyar sana'arta jarkokin nonon raƙumi a bakin Titi na Bakwai, ta tattare gefen jilbabinta, ta riƙa tsallake taɓon da ruwan sama ya bari a lungunan Eastleigh, unguwar 'yan gudun hijira, tana murmushi ita kaɗai. Mijinta Guled, wanda rabonsa da su shekara bakwai ke nan, ya kira jiya da la'asar daga ƙasar Nowe. Ya ce ya cika duk sharuɗɗan da ake nema: tsayayyen aiki, gida mai ɗaki biyu, takardar izinin zama. Ya shigar da buƙatar a kai masa iyalinsa, kuma ya turo mata takardun ta waya.

"Ki kai wa Ader Jama ya buga, ya karanta miki," in ji shi. "Ke kaɗai. Kada ki tafi da yaran."

Ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ɗauka so yake ita ta fara jin daɗin kafin 'ya'yanta.

Jama tsohon malamin makaranta ne daga Mogadishu, mai jan gemu na lalle da tabarau ɗaure da zare. Rabin mutanen unguwar da suka ƙetare teku, a kan teburinsa aka cike musu fom. Babba da yaro Ader suke kiransa, kamar shi ne baffan kowa.

"A'a, Ubah! Yau da me kika zo, fom ko tsegumi?"

"Da bankwana na zo, Ader. Ka kusa hutawa da ganin fuskata."

"Allahu akbar! Guled ya tuna yana da mata? To, in kin sauka a ƙasar ƙanƙara, rigar sanyi za ki aiko mini, ba gaisuwa ba. Gaisuwarku ta cika mini shago."

Na'urar buga takardu ta yi ta tari tana fitar da takardu har shafi goma sha tara. Jama ya jera su, ya gyara tabarau, ya soma karantawa da muryarsa ta aji.

"Sagal Guled Hirsi, shekara goma sha bakwai. Idil Guled Hirsi, shekara takwas."

Ya juya shafi. Ya sake juya wani.

"Sai ni," in ji Ubah.

Ya koma farko, ya bi layukan da yatsa. Daga nan ya ɗauki kashi na biyu na takardun, fassarar hirar da aka yi da Guled ranar da ya fara neman mafaka. A shafi na huɗu yatsansa ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sai ya dubi mutane biyu da ke jira a kan benci ya ce su dawo bayan azahar, ya tashi ya ja ƙofar shagon.

"Ader, lafiya?"

"Zauna, 'yata."

"Ai a zaune nake."

"Mahaifinki Warsame, kakanki Elmi?"

"Ka fi kowa sani."

"An rubuta a nan: matar aure, Ubah Warsame Elmi." Ya ɗora yatsa a kan layin. "Ta rasu."

Ubah ta yi dariya. Dariyar ta fito da kanta, kamar an ba ta labarin wani wawa a kasuwa.

"Wa ya rasu?"

"Ke."

"Kuskure ne. Turawan nan ba su iya sunayenmu ba, ka san haka."

"Na so ya zama kuskure. Amma kuskure kalma ɗaya yake. Wannan shafi biyu ne da rabi, kuma daga bakin mijinki ya fito. Saurara." Ya karanta a hankali, yana juyawa zuwa harshensu. "Ranar Laraba bayan la'asar, mutum biyu suka zo gidana a Kismayo a kan babur, fuskokinsu a rufe. Ni suke nema, saboda ina tuƙa wa wata ƙungiyar agaji mota. Ba na gida. Matata ta buɗe musu ƙofa da jaririyarmu a kafaɗa. Suka tambaye ta ina nake, ta ce ba ta sani ba. Suka harbe ta sau biyu..."

"Tsaya."

Ubah ta dafe gefen teburin. Ta san wannan Larabar. Babu ranar da ta sani a duniya kamar ta. Ta san ƙarar babur ɗin, ta san kalar ƙofar, ta san yadda jaririyar ta faɗi a kan tabarma ba tare da ta ji ko ƙwarzane ba. Abu ɗaya kawai aka sauya.

"Nasteho ce," ta ce. Muryarta ta fito siririya. "Ƙanwata ce ta buɗe ƙofar. Shekararta goma sha tara. Ni ina cikin madafa."

Jama ya juya shafin, ya dube shi, ya rufe idanu na ɗan lokaci.

"An tambaye shi wa ke riƙe da yaran yanzu. Ya ce ƙanwar matarsa, Nasteho Warsame Elmi." Ya ajiye takardar. "Musanya ku ya yi."

A waje wata motar haya ta wuce da kiɗa kamar zai tsaga titi, kwandasta na buga gefenta yana kiran fasinja. Ubah ta dubi hannuwanta. Suna nan, da tabon wuƙa a babban yatsa, da ƙamshin hayaƙin jarkar nono. Ta motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"To a gyara," ta ce. "Ga ni. Duk mai ido ya ga ina numfashi. Ka rubuta musu."

"Zan iya rubutawa yanzu, ba zai ɗauke ni minti goma ba. Amma ki ji abin da zai biyo baya. A kan wannan labarin aka ba shi mafaka. Ranar da kika tsaya a gabansu da rai, ya zama maƙaryaci. Za su iya karɓe takardarsa. In ta tafi, buƙatar yaran ta tafi da ita, domin a kanta take tsaye."

"In kuma na yi shiru?"

"Za a yi wa yaran da ubansu gwajin ƙwayar halitta, a ga nasa ne. Marayu ne a takarda, ba su da uwa, uba na nemansu. Irin wannan ba ya daɗewa."

"Ni fa?"

Jama ya dubi ƙasa.

"Matacce ba ya neman biza, 'yata. Ƙanwar mata kuma, a dokarsu, ba ta cikin iyali." Ya gyara tabarau. "Akwai abu guda kuma. Yaushe Sagal za ta cika sha takwas?"

"Saura wata biyar."

"To wata biyar gare ki. Ranar da ta cika, ta daina zama yarinya a wurinsu."

Ba ta jira ta koma gida ba. A matattakalar benen da shagon yake, tsakanin wani mai sayar da turare da tarin kwalaye, ta kira Guled. Ya ɗauka a bugu na farko, kamar wanda ya yini da wayar a hannu. Tana jin ƙarar injinan masana'antar kifin da yake aiki a bayansa.

"Ya karanta miki," ya ce.

"Yaushe aka yi mini salla, Guled? Ban ji an kira ba."

"Ubah, don Allah..."

"Wa ya yi mini wanka? A ina aka binne ni? Ka faɗa mini, in je in yi wa kaina addu'a."

Da ya yi magana, muryar ba irin wadda ta saba ji kowace Juma'a ba ce.

"Shekara biyu na yi a hanya, kin san abin da na gani a sahara da teku. Da na isa, a sansanin da aka ajiye mu, mutum uku da muke ɗaki ɗaya aka ƙi su a mako guda. Wani da ya daɗe a can ya ji labarina, ya ce ƙanwar mata ba ta da nauyi, za su ce ba kai aka nufa ba. Ya ce ka ce matarka ce. Na shiga ɗakin hirar da niyyar faɗin gaskiya, wallahi da niyyarta na shiga. Da matar ta tambaye ni wa aka kashe, sai na ji bakina ya ce ke."

"Shekara biyar ke nan da wannan."

"Na sani."

"Shekara biyar kana kirana kana cewa saura kaɗan. Kana tambayata wace kalar labule nake so."

"Kullum ina cewa zan sami hanya. Na je wurin lauyoyi biyu. Ubah, saurara, akwai dabara. Bari yaran su fara zuwa. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai in ce na auri ƙanwar matata, ai al'adarmu ce, kowa ya san ana yi. Sai ki zo da sunan Nasteho."

Ubah ta jingina da bango. Mai turaren ya ɗago ya dube ta, ya kawar da kai.

"Ka kashe ni," ta ce, "yanzu kuma kana neman auren gawar ƙanwata."

Ta kashe wayar.

Da ta koma shagon ɗaukar takardun ta gaya wa Jama dabarar, sai ya girgiza kai. Ya ce mai yiwuwa ne, ya ga wanda ya yi. Amma duk ranar da suka yi zargi suka goga mata auduga a baki, gwajin zai nuna ita ta haifi yaran, kuma a lokacin ba mutum ɗaya za a koro ba, uku ne. Ya ce ba zai ce mata ta yi ba, ba zai ce kada ta yi ba. Ya naɗe takardun a cikin leda saboda ruwa, ya miƙa mata da hannu biyu.

Kwana uku ba ta gaya wa kowa ba. Ta zauna a bakin titi tana auna nono, masu saye na gaishe ta da sunanta tana amsawa, kowane kira yana dukan kunnenta kamar ba nata ba. A rana ta huɗu, bayan Idil ta tafi makarantar allo, ta zaunar da Sagal a ɗakinsu guda da ke hawa na uku, ta miƙa mata ledar. Sagal ta iya Turanci. Ita ce ta ɗaya a ajinsu shekara uku a jere, sai dai ba ta zauna jarrabawar ƙarshe ba. Lokacin da suka shigo ƙasar an dakatar da rajistar 'yan gudun hijira, babu ɗayansu da ke da takarda.

Yarinyar ta karanta shafi na huɗu a tsaye. Ta karanta na biyar. Ta ɗago ta dubi uwarta.

"Ina gidan ranar, Hoyo," ta ce, haka suke kiran uwa a harshensu. "Ina ƙarƙashin gado. Na ga ƙafafun ƙanwarki, Habaryar Nasteho."

"Na sani."

"Yaya zai yi haka? Yaya mutum zai..." Ta jefar da takardun a kan katifa. "Ba zan je ba. Ya zauna da ƙaryarsa da kifinsa. Ba ubana ba ne."

"Ubanki ne, gwajin ma zai faɗa."

"Kina wasa da maganar?"

"Ba na wasa. Zauna." Ubah ta jawo ta ƙasa. "Me za ki zama a nan? Faɗa mini. Duk sanda aka ce ana samamen marasa takarda, mu kulle ƙofa mu yi kwana biyu ba mu leƙa ko taga ba. Kin fi kowa ƙwaƙwalwa a layin nan, kina wanke wa mutane kwanuka. Shekara goma nan gaba kina zaune kusa da ni da jarka. Idil ma haka."

"Sai mu zauna tare."

"Ban ɗauko ku daga Kismayo don ku taya ni zama ba."

"To ke fa?"

"Ni an riga an gama da ni tun shekara biyar, ban sani ba ne kawai."

Sagal ta fashe da kuka, ta kifa kanta a cinyar uwarta. Ubah ta riƙa shafa mata kai, idanunta a bushe, tana kallon bango. Ita kanta ta yi mamakin yadda maganar ta fito mata a shirye, kamar wani ne ya yanke shawarar ya ajiye mata a baki.

Idil ce aikin. Jama ya ce za a yi wa yaran tambayoyi su kaɗai, kuma ƙaramar suka fi saurara, domin yaro ba ya iya riƙe ƙarya. Kalma ɗaya ta isa ta rushe komai. Dole bakinta ya saba tun daga gida.

"Wasa za mu yi," Ubah ta ce mata. "In muka ci, za ki hau jirgin sama ki ga babanki, Abo. Daga yau ba Hoyo za ki riƙa ce mini ba. Habaryar za ki ce, kamar ni ƙanwar uwarki ce."

Idil ta yi dariya, giɓin haƙoranta a waje. "To ina Hoyo ɗin take?"

"Ta rasu tun kina jaririya."

"A wasan?"

"A wasan."

Makon farko yarinyar ta yi ta mantawa, tana rufe baki da hannu tana ƙyalƙyata dariya. Sai Ubah ta sa doka: duk kiran da ya zo da Hoyo, ba za ta amsa ba. A mako na uku, wata rana da yamma, Idil ta zame a matattakala ta fasa gwiwa. Ubah na tsugune a baranda tana wanke jarkoki ta ji ihun.

"Hoyo! Hoyo!"

Ta miƙe. Ta yi taku ɗaya, ta tsaya. Ta juya wa matattakalar baya, ta riƙe ƙarfen barandar da hannu biyu.

"Hoyo, jini! Hoyo!"

Wata maƙwabciya ta leƙo. "Ubah, ba kya ji ne? 'Yarki ce fa!"

Ba ta motsa ba. Ihun ya ragu, ya koma sheshsheƙa. Sai ƙaramar murya ta taso daga ƙasa, a hankali, da tambaya a cikinta.

"Habaryar?"

Ubah ta sauka da gudu har ta kusa faɗuwa. Ta ɗauke ta, ta wanke ciwon, ta ɗaure. Daga ranar Idil ba ta sake kuskure ba, kuma ba ta sake yi wa wasan dariya ba.

An kira su ofishin jakadanci wata Litinin da safe, saura wata uku Sagal ta cika sha takwas. Aka karɓe wayoyinsu a ƙofa. Wata ma'aikaciya mai safar hannu ta goga wa yaran auduga a cikin kumatu, ta sa a kwalabe. Aka shiga da Sagal, aka fito da ita. Aka shiga da Idil, ta fito da alawa a hannu, ba ta dubi kowa ba. Sannan aka kira mai riƙon yaran.

Ɗakin ƙarami ne, da sanyin na'ura. Baturiya ce mai furfura a bayan tebur, da wani tafinta Basomale a gefenta wanda bai ɗaga kai daga littafinsa ba.

"Sunanki?"

"Nasteho Warsame Elmi."

Rabonta da faɗin sunan nan cikakke tun ranar da aka tambaye ta sunan mamaciyar a bakin kabari.

"Mece ce dangantakarki da yaran?"

"'Ya'yan yayata ne."

"Kina gidan ranar da aka kashe ta?"

"Ina nan."

"Ki ba ni labarin yadda abin ya faru, a hankali. In kina son hutawa ki faɗa."

Ubah ta haddace shafukan Guled kamar karatun allo. Jama ya yi ta maimaita mata su har ta iya su a barci. Amma da ta buɗe baki, ba su ne suka fito ba.

"Ina cikin madafa ina kwaɓa fulawa. Aka buga ƙofa. Hannuna duk ƙullu, sai na ɗaga murya na ce mata, je ki duba wane ne. Ni na aike ta. Tana riƙe da Idil, tana yi mata waƙa, ba ta ma daina waƙar ba har ta kai ƙofa. Na ji muryar namiji. Na ji ta ce, ban sani ba. Ta san inda yake, da safe a gabanta ya faɗa. Ta ce ban sani ba." Ta dubi tafin hannunta. "Da na fito, ta riga ta kwanta. Ta juya jikinta kafin ta faɗi, don kada yarinyar ta bugu. Na danne wurin da hannuna, ƙullun ya zama ja. Ta dube ni kamar za ta ce wani abu. Ba ta ce ba."

Tafintan ya tsaya a tsakiyar jimla, ya yi gyaran murya, ya ci gaba. Shekara bakwai Ubah ba ta gaya wa kowa cewa ita ta aiki Nasteho ƙofar ba, ko Guled bai sani ba. Yau ta faɗa, ga baƙuwa, da sunan aro. Kukan da ya ƙi zuwa a shagon Jama, ya ƙi zuwa a gaban Sagal, ya zo mata a nan gaba ɗaya, har sai da ta dafe tebur.

Baturiyar ta daina bugawa a na'urarta. Ta tura mata ruwa a kofi, ta jira.

"Wace irin mutum ce yayarki?" ta tambaya daga baya, a tausashe.

Ubah ta share fuska da gefen mayafi. Ta yi tunani.

"Mai yarda da mutane ce," ta ce. "Duk abin da aka gaya mata, sai ta yarda."

Matar ta gyaɗa kai, ta rubuta. Ta ce tana yi mata ta'aziyya. Ta ce ta shekara da yawa tana wannan aiki, ta san mai faɗin abin da ya gani da idonsa. Ta ce yaran sun yi sa'a da suka sami mai riƙo irinta. Sannan ta turo wata takarda, wadda ke cewa mai riƙon ta amince yaran su koma hannun mahaifinsu, ba ta da wani haƙƙi a kansu bayan haka. Ubah ta dangwala yatsa a tawada, ta danna inda aka nuna mata.

Bizar ta fito saura kwana goma sha tara. Suka tashi wata Asabar da safe. A filin jirgi Sagal ta rungume ta ta ƙi saki, tana raɗa mata a kunne cewa za ta yi karatun lauya, za ta dawo ta ɗauke ta ko da shekara nawa ne. Ma'aikaciyar da za ta raka su tana tsaye tana duba agogo. Idil ta sumbaci hannun Ubah kamar yadda ake yi wa manya, ta kama jakarta, ta bi layi.

Guled ya yi ta kira. Ubah takan bar wayar ta yi ta ƙara a cikin aljihu har ta gaji. Ta lambar Sagal kawai take amsawa, kuma ko a nan suna taka-tsantsan, domin an ce wani lokaci akan duba wayoyi. Ta ga ɗaki biyun ta allon wayar. Ta ga ƙanƙara a kan taga. Ta ga Idil cikin wata jar riga mai kumburi, kumatunta sun ciko.

Wata huɗu bayan tafiyarsu, wata Alhamis da azahar, tana zaune a bakin titi wayar ta yi ƙara. Idil ce, ta dawo daga makaranta, tana magana da sauri, tana cusa kalmomin da Ubah ba ta sani ba.

"Habaryar, malamarmu ta ce kowa ya kawo hoton iyalinsa a manna a bango. Na ce Hoyona ta rasu. Sai ta rungume ni, ta ce in kawo hotonta, za a sa a sama, kusa da taga. Abo ya ce ba shi da shi. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ke kina da shi?"

A bayanta Ubah ta hango Sagal ta tsaya cik da cokali a hannu.

"Ina da shi," in ji Ubah. "Ba ni minti biyu."

Ta buɗe ma'ajiyar hotunan wayar. Nata suna da yawa, ta wuce su. Can ƙasa akwai wani tsoho da ta ɗauka daga jikin kati kafin ruwa ya lalata shi: budurwa a bakin teku a Kismayo, da koren mayafi da iska ta ɗaga, tana dariya tana kare rana da hannu. Shi kaɗai ya rage na Nasteho a duniya. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tura.

Idil ta kawo fuskarta daf da allon, tana dubawa.

"Ita ce ta riƙe ni?"

"Ita ce."

"Hoyona kyakkyawa ce," in ji yarinyar.

"Ƙwarai kuwa," in ji Ubah. "Ki ce wa malamar ta manna shi da kyau, kada ya faɗo."